Ranar da Babur ɗin Malam Ummaru Bai Yi Hayaƙi Ba

Ƙarfe tara na safiyar Lahadi aka buga wa Sufeto Abdulbaƙi waya cewa wani dattijo ya faɗi da babur a hanyar ƙauyen Gaoui, kuma rai ya yi halinsa. Tun kafin a ambaci suna gabansa ya faɗi. Dattawan da ke bin wannan hanya ranar Lahadi ba su fi biyar ba, duk abokan marigayi mahaifinsa ne, masu tsofaffin baburan Japan da suka girme shi.

Malam Ummaru ne. An lulluɓe shi da zane a gefen kwalta. Can gaba kaɗan jan Yamaha ɗinsa na shekarar 1975 yana kwance, wanda ya yi shekara takwas yana haɗawa ƙarfe bayan ƙarfe.

Sufeto ya tsuguna. Tayar baya ta ja baƙin layi mai tsawo a kan kwalta. Ya sa aka ɗaga babur ɗin, ya taka kik, kik ya ƙi motsi. Injin ya ƙame.

Wata mata mai kai tukwane birni ce ta ga abin.

"Inna, wata mota ta buge shi?"

"Babu mota, ɗana. Yana tafe da gudu, sai moton nasa, babur ɗin nan, ya yi ƙara, ya watsar da shi."

"Kin san shi?"

"Wa bai san mai hayaƙi ba? Duk Lahadi sai ya turnuƙe mu. Amma yau ko ɗan hayaƙi bai yi ba."

Sufeto ya buɗe tanki, ya tsoma farin hankicinsa. Fetur ne zalla, fari tas. Irin wannan tsohon inji ba ya rayuwa sai an gauraya masa baƙin mai a cikin fetur, shi ke kawo hayaƙin, shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Duk wanda ya san Malam Ummaru ya san zai iya mance hularsa, amma ba zai mance wannan haɗi ba.

An yi jana'iza bayan la'asar. Washegari Sufeto ya je gidan a unguwar Kabalaye, ya samu Huseina, babbar 'yar marigayin, a tsakar gida. Ta amsa gaisuwarsa ba tare da ta dube shi ba, shi kuwa ya san dalili. Wata biyu da suka wuce ta same shi har komisariya, ofishinsu na 'yan sanda, ta ce yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, ya taimaka ya karɓe lasin ɗinsa ko babur ɗin. Ya yi dariya ya ce mata tsohon direba ko da ido rufe ya san hanya. Gaskiyar ita ce kunya ya ji.

"Yaushe ya zuba mai?" ya tambaye ta.

"Asabar da safe. A gabana ya yi awonsa da gwangwanin tumatir, kamar kullum." Ta nuna gwangwanin a kan taga, har yanzu da maiƙo a cikinsa.

"Wane launi haɗin yake?"

"Ja-ja. Har ya ɗiga a dandamali, ga tabon nan."

"Bayan nan ya fita da shi?"

"Bai fita ba. Ya kwanta bayan azahar, sai la'asar ya tashi."

"Wa ke gida?"

Ta ce, "Ni da Ghali."

Ghali ƙanenta ne, yana haya da sabon babur a cikin gari. Sufeto ya sa aka kai shi ofis. Zato na farko a fili yake: mutumin da ya saba da baburan zamani, waɗanda ba a gauraya musu komai, shi ne zai zuba wa tsohon inji fetur zalla.

"Ka taɓa babur ɗin Baba ranar Asabar?"

"Ni? Ko goge shi ba ya bari in yi."

"Ina kake bayan azahar?"

"Ina bakin kasuwa, ina jiran fasinja."

Sufeto ya ajiye ƙarfen kuloci a kan tebur, wanda ya kwance daga babur ɗin. "Babur ɗin ta dama ya faɗi ranar Lahadi. Wannan ƙarfe na hagu ne, kuma an lanƙwasa shi an miƙe, ga sabon sawun guduma. Ka ɗaga hannun rigarka ta hagu."

Ghali bai ɗaga ba. Sai hawaye.

"Sau ɗaya nake so in hau, Yallaɓai. Tun ina yaro nake kallonsa. Yana barci na tura shi waje. Na faɗi a kwanar Habbena, ƙarfen ya lanƙwashe."

"Ka ƙara masa fetur don kada Baba ya gane?"

"Wallahi ban buɗe tanki ba. Ni ɗansa ne, na san haɗin."

"Yana hayaƙi sa'ad da ka hau?"

"Sosai."

"Wa ya miƙe ƙarfen?"

"Baba Muttaka. Na kai masa gareji. Ya ce in je in wanke ciwona a kyamis, kafin in dawo ya gama. Ya ce ba zai faɗa wa Baba ba."

Sufeto ya daɗe yana juya biro a hannunsa. Bai saki Ghali ba, kuma a ransa ya san ba don yana zarginsa ba ne kawai. Ya fi masa sauƙi laifin ya zama na Ghali.

Malam Muttaka bakanike ne, aminin marigayin tun suna karatun allo. Kakanninsu tare suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka da ƙafa, tare suka yada zango a nan, ba su ƙara gaba ba. Shi ya koya wa Abdulbaƙi hawa babur, yana riƙe da bayan sirdi yana gudu, bayan rasuwar mahaifinsa.

Sufeto ya same shi a gareji a Habbena, zaune a kan benci, shayi ya huce a gabansa.

"Lale, Abdu. Zauna."

"Baba, Ghali ya ce ya kawo maka moton ranar Asabar."

"Ya kawo. Na miƙe masa ƙarfe, kalas, shi ke nan."

"Ba ka taɓa tanki ba?"

"Me zai kai ni tankin Ummaru? Ko matarsa ba ta isa ba, Allah ya jiƙan ta." Ya girgiza kai. "Idonsa ne, Abdu. Ƙila ya ɗauki wata jarka a madadin wata. Tsufa ba ya sallama."

Maganar ta zauna daidai. Sufeto ya so ya yarda da ita, har ya ji sanyi a ransa yana komawa ofis.

Amma aiki aiki ne. Ya sake duba babur ɗin a harabar komisariya. Da a ce ƙari aka yi a kan tsohon haɗi, da launin bai ɓace gaba ɗaya ba. An tsiyaye tankin ne tas, kuma ta tiyon ƙasa ake yin haka. Ya leƙa. An ɗaure bakin tiyon da sabuwar wayar jan ƙarfe, murɗa uku, an lanƙwasa tsinin ciki don kada ya yanki yatsa.

Ya taka zuwa inda ya ajiye nasa tsohon Suzukin, gadon mahaifinsa. Ya leƙa ƙarƙashin tanki. Murɗa uku, tsini a ciki. Mutum ɗaya ne ke taɓa masa wannan babur.

Duk da haka ya ce wa kansa waya ba ta magana, wataƙila tsohon ɗauri ne. Ya bari har ranar sadakar uku.

Bayan addu'a mutane suka fara watsewa daga ƙofar gidan. Malam Muttaka ya hau baƙin Hondansa na 1978, babur ɗin da yake alfahari da shi cewa shekara arba'in bai taɓa yin tari ba, domin irin injinsa fetur zalla yake sha. Ya taka kik. Wani siririn hayaƙi shuɗi ya fito daga salansa, ya bi layin.

Sufeto ya tsaya yana kallon hayaƙin har ya baje. Ya san warin. Duk Kabalaye ta san shi.

Bai ɗauki mota ba, bai ɗauki kowa ba. Ya isa gareji kafin azahar. Ya buɗe tankin Hondan, ya tsoma hankici, ya shimfiɗa shi a kan benci kusa da na ranar Lahadi. Ɗaya fari, ɗaya ja-ja.

Malam Muttaka ya dubi hankitan biyu, ya yi wani murmushi marar daɗi.

"Lita tara ce, Abdu. Na ɗauki jarkar zan zubar a kwata, hannuna ya ƙi. Mu da muka yi layin esans, layin fetur, kwana biyu a garin nan, ba mu iya zubar da mai ba."

"Me ya sa, Baba?"

"Sati uku da suka wuce muna dawowa, ina bayansa. Wata yarinya 'yar makaranta tana tsallaka titi. Bai gan ta ba. Jakarta ya ɗebe da madubi, bai ma san ya yi ba. Na faɗa masa, ya ce hassada nake yi, ya yi kwana bakwai bai gaishe ni ba." Ya share fuska da hannun riga. "Na ce to, in ba a iya raba shi da moton ba, a raba moton da shi. Piston ɗin nan shekara uku muka yi muna nema kafin a samo mana daga Kano. In suka ƙone, babu wasu. Zai yi fushi, ya yi kuka, ya zauna a gida da ransa."

"Ka san inji na ƙamewa ya kulle taya."

"A cikin gari, a hankali, tari zai yi ya mutu. Na lissafa ba zai wuce shataletale na biyu ba. Na mance wanda ya haɗa injin." Muryarsa ta karye. "Aikin Ummaru ya fi lissafina kyau. Injin ya daure babu mai, ya daure, har ya kai shi inda hanya ta buɗe."

"Ranar Lahadin ba ka bi shi ba."

"Na ce ciwon baya. Ina nan zaune ina jira ya turo shi ya zo yana zagina. Har shayi na dafa masa."

Sufeto ya naɗe hankitan biyu. A aikinsa ya kama ɓarayi da masu kisa, bai taɓa jin yana so ƙasa ta tsage ya shige ba sai yau.

"Ghali yana tsare tun shekaranjiya, Baba."

"Na sani. Shi ya hana ni barci fiye da komai. Ka sake shi. Rubuta abin da na faɗa, zan sa hannu."

Ya tashi ya jera filaya da sufanu a mazauninsu, ya rufe famfon man Hondan, ya ja ƙofar gareji ya sa kwaɗo. Ya miƙo hannayensa biyu. Sufeto ya girgiza kai, ya bar ankwa a aljihu.

Suka kama hanya da ƙafa, kafaɗa da kafaɗa, masu shaguna na gaishe su. Sun kusa titi Malam Muttaka ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Huseina ta ce mini ta je wurinka, tun kafin ta zo wurina."

"Ta je."

"Takarda ɗaya za ka rubuta, a karɓe moton. Me ka ce mata?"

Sufeto ya yi taku uku kafin ya amsa.

"Na ji kunyarsa, Baba."

"Ni ma," in ji dattijon. "Shi ya sa na bi ta tanki."

Suka tsallaka titi, suka nufi ƙofar komisariya.