Ganyen Doddoya a Ƙafar Keke

Mutanen da wannan labari ya shafa su biyar ne: Sufeto Zef Marashi, marigayi Malam Pashko Luli, tsohon malamin makaranta, 'yarsa Drita, amininsa Kol Shiroka mai gidan burodi, da Fatmir, direban motar fulawa.

Da sanyin safiya aka yi wa Sufeto Zef waya cewa ga gawa a sabuwar hanyar kekuna, daura da gidan burodin Kol. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, irin wanda garin Shkodra ya saba da shi. Ya tarar da Malam Pashko kwance, kansa ya bugi gefen titi, lemarsa a karye, ga keken haya na gari a yashe kusa da shi.

Shekara da shekaru dattijon nan ya yi yana sintiri zuwa majalisar gari kafin aka shata wannan hanya, aka kuma kawo kekunan haya. Tun kafin a ɗauke gawar, 'yan kallo sun fara cewa hanyar ce ta ci mai ita, gara a kankare jan fentin da aka shata ta da shi a mayar wa motoci wurinsu.

Drita ta riƙe hannun Sufeto tana kuka. "Yallaɓai, Baba bai taɓa faɗuwa a kan keke ba. Kada ku bari a ce aikinsa ne ya kashe shi."

Sufeto ya durƙusa ya duba keken. Ƙafar gaba ta lanƙwashe kamar ta daki dutse, alhali hanyar fetal take. A tsakanin wayoyin ƙafar ya zaro wani ɗan ganye, ya murza, ya sansana. Doddoya ce.

A ƙofar gidan burodin akwai babbar tukunyar siminti cike da doddoya. Kol na tsaye a cikin shago, idanunsa jawur.

"Baba Kol, ka ga lokacin da ya faɗi?"

"Ina bakin tanda, ɗana. Ihun mutane kawai na ji."

"Tukunyar nan kullum a nan take?"

"Tun ranar da matata ta shuka ta, ba ta gusa ba."

Sufeto ya leƙa bayanta. Gefen da ke fuskantar bango ya ɓantare, sabon ɓantare fari fat. A kusurwar shago kuma ya ga buhunan fulawa da ɗigon ruwa a jikinsu.

"Yau aka kawo?"

"Jiya."

"Ai jiya rana aka yi ƙal," in ji Sufeto.

Ya iske Fatmir, mai kawo wa Kol fulawa, a tashar manyan motoci yana shan kofi.

"Yau ban bi ta can ba, Yallaɓai. Wallahi."

"To, buhunan da ƙafa suka je, har ruwa ya doke su a hanya? Fatmir, gawa ce a hannuna. In ka fi son mu ƙarasa hirar a ofis, tashi mu tafi."

Direba ya ajiye kofin. Ya ce tun da aka shata hanyar ba shi da wurin tsayawa, don haka duk ranar sauke kaya Kol yakan gungura tukunyar tsakiyar hanyar kekuna, domin masu keke su kauce. Yau da ya gama saukewa ya tafi, ya bar ta a can.

Sufeto ya koma gidan burodin. Kol ya rufe shago, yana zaune gaban kofuna biyu na kofi, ɗaya babu wanda ya taɓa. Sufeto ya ajiye ganyen a tsakaninsu.

"Ka san yadda mutanenmu ke tuƙi cikin ruwa, Baba Kol. Hannu ɗaya a kan keke, ɗaya riƙe da lema an karkato ta gaba. Mutum ba ya ganin ko tsayin taku uku."

Tsohon ya dubi ganyen.

"Cewa na yi in na fitar da burodi zan janye ta," ya ce da kyar. "Pashko kaɗai ke wucewa a wannan lokaci, kuma kekensa unguwa duk ta san shi. Tun daga bakin gada yake kwaramniya kamar an ɗaura wa jaki gwangwanaye. Da na jiyo sai in leƙo in ce, 'Kai Malam, tukunya!' Shi kuma ya ce, 'Ɓarawon hanya, sai na kai ƙararka!' Sannan mu sha kofi. Yau ban ji komai ba sai ƙarar karon."

"Me ya sa ya bar nasa ya hau na haya?"

Kol ya rufe fuska da tafukansa.

"Ni ne. Jiya na ce masa, 'Ka cika mana gari da kekunan da ko kai ba ka yarda da su ba, kana nan kan tsohuwar akwalarka.' Ya yi dariya ya ce gobe zan gani. Waɗannan kuwa ba su da ƙara, ɗana. Shiru suke tafiya."

"Sai ka mayar da tukunyar kafin ka kira taimako."

"Na taɓa shi, na ji babu rai. Tsoro ya kama ni. Na bar mutane suna zagin hanyarsa ina ji."

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Da suka fito, Drita na tsaye a bakin hanya, ta turo tsohon keken mahaifinta daga gida don ta jingine shi inda ya faɗi. Kol ya tsaya cak a gaban jama'a.

"Hanyar ba ta da laifi," ya ce da ƙarfi. "Ni ne na toshe ta."

Drita ta ci gaba da tura keken, yana kwaramniya. Kol ya saurara har ƙarar ta tsaya, sannan ya shiga motar 'yan sanda.

Abin da na sani ke nan. Da furfura na fara riƙe alƙalami. Wanda ya ga inda na kauce, don Allah ya daidaita mini.