Katakon da Bai Yi Kuka Ba

Tun la'asar muke neman Mama. Tsufa ya cinye mata tunani, ba ta tuna komai sai gidan attajirin alharini da ta yi wa aikatau tana budurwa. Yanzu gidan tarihi ne, ni ke riƙe da makullinsa.

Ƙarfe ɗayan dare na buɗe ƙofar. Ga takalmanta a bakin shiga, a jere, jiƙe sharkaf.

Na ruga cikin doguwar barandar, katako na ta kuka ƙarƙashin ƙafata. Da gangan magina suka yi shi haka, don ko mage ta taka a ji.

Can ƙurya na same ta durƙushe, tana goge ƙasa.

"Mama, don Allah taso mu tafi gida! Kin kusa kashe ni!"

"Ke Sumie, rage murya. Maigida na barci."

Ta miƙe ta nufo ni. Katakon bai ce uffan ba. Na haska ta da tocila, sai na ga kimononta, doguwar rigarmu ta gargajiya: an naɗe ɓangaren dama a kan na hagu, yadda muke sa wa gawa kaɗai.