Masu Amshin Tudun Ɓaure

Ran Lahadin ƙarshe ta watan tara, bayan la'asar, motar mawaƙan wata ƙaramar majami'a ta Sabon Garin Maraɗi ta bar Tsibiri ta nufi wajen Jiratawa. Su goma sha ɗaya ne a ciki, ban da Tanimu direba. Duk shekara idan gero ya yi kai sukan zagaya ikilisiyoyin ƙauye, su yi waƙa, a cika su da fura da dafaffiyar masara, su koma gida da ciwon ciki. A ranar saura wuri ɗaya ya rage musu, wani ƙauye da ake kira Tudun Ɓaure, wanda babu wanda ya taɓa zuwa a cikinsu.

Tsahara ce mai ba da waƙa. Ita ke jefa baiti, sauran su amsa. Murya Allah ya ba ta, haƙuri kuwa ya ba maƙwabta, don tun daga Tsibiri take mita. Ta baro 'yarta Hannatu, mai wata biyar, a hannun mahaifiyarta, kuma yarinyar nan ba ta karɓar komai sai nono. An gwada madarar gwangwani ta tofar, an gwada koko ta shiɗe da kuka.

"Baba, waƙa biyu kaɗai za mu yi ko?" ta tambayi shugabansu. "Na ce ma Inna kahin isha'i ina gida."

"Biyu, ɗiyata," in ji Malam Ilyasu. "In masu gida sun sallame mu."

Wannan sallamar ita ce dokarsa. Malam Ilyasu ya haura saba'in, muryarsa ta daɗe da tsagewa, sai dai ya riƙe musu kiɗa da tafi, amma a kan ladabi ba ya wasa. Baƙo ba ya yanke waƙa a gidan mutane. Ana shiga da waƙa, a yi ta yi har dattijon wurin ya miƙe ya ɗaga hannu ya ce "Salama," sannan a fita a jere, mai ba da waƙa a ƙarshe. Ya taɓa dakatar da wata mata wata uku cur don ta yanke baiti ta yi tari.

Bayan Jiratawa suka sauka daga gudro, titin kwalta, suka bi jan turɓaya. Gero ya rufe hanya dama da hagu, yana shafar gilashin mota. Safiyatu, mai buga tulu, ta ɗaga wayarta sama ta ce babu rezo, kira ba ya shiga. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, sun riga sun makara da awa guda. Can sai suka ji ƙarar ƙarfe, irin tsohon ƙarfen ƙafar mota da ake ratayewa a bishiya ana bugawa don kiran sujada. Sau uku aka buga, daga gefen gulbi.

"Ga su can suna jiranmu," in ji Malam Ilyasu. "Tanimu, tsaya nan."

Tanimu musulmi ne, maƙwabcinsu. Ya ɗauko butarsa ya ce zai yi magariba kafin su fito. A ƙa'ida sai an fara zuwa gidan fasto an gaisa an sha ruwa. Amma kunyar makara ta kama tsohon, ya ce a bar gaisuwa sai bayan sujada. Suka ɗaura kallabi, suka yi layi a bakin wata siririyar hanya, Safiyatu ta buga tulu, Tsahara ta jefa baitin shiga.

"Ranar tana zuwa, fitilunmu na hannu."

"Muna jira, ya Ubangiji," mawaƙan suka amsa.

Ginin na ƙasa ne, ƙarƙashin wata tsamiya. Ƙofa ɗaya, taga ɗaya ta yamma. Ciki cike yake maƙil, maza a dama, mata a hagu, a kan dakalan ƙasa, kowa da fararen kaya, kowa kansa a sunkuye. Tsahara ta ji daɗi, don ba ƙaramin abu ba ne a tara mutane haka a ƙauye. Suka ratsa ta tsakiya har gaba, suka juyo suka fuskanci jama'a. Wurin yana warin jemage da jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ta sake jefa baiti, jama'a suka karɓi amshi.

Ba ta taɓa jin amshi irin wannan ba. Murya ɗari kamar ta mutum ɗaya, babu mai riga wani, babu mai jan numfashi. Har cikin haƙarƙarinta ta ji shi. Ta yi baiti na biyu, na uku, na bakwai, wanda shi ne na ƙarshe. Ta dubi dattijon da ke zaune a dakalin gaba, wani dogo siriri da hannuwa a kan gwiwa. Bai motsa ba.

Ta koma baitin farko, kamar yadda aka koya mata.

A zagaye na uku ne ta lura babu yaro ko ɗaya a ɗakin. Majami'ar ƙauye babu kukan jariri, babu tsohuwa mai guɗa, babu mai korar ƙuda. A zagaye na huɗu ta kasa kunne sosai, sai ta ji abin da suke faɗa. "Muna jira," suke cewa, su yi shiru daidai wurin sunan Ubangiji, su bar mawaƙan su ƙarasa.

Tsoro ya kama ta. Ta dubi Malam Ilyasu. Yana tafi, amma gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

Rana tana nan a taga inda suka same ta. Ja, rabinta a cikin gero. Ba ta ƙara sauka ba.

Jikinta ne ya gaya mata lokaci. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri, ya fara zafi, nono ya zubo ya jiƙa rigarta har zani. Hakan ba ya faruwa sai ta yi yini guda ba ta shayar ba. Ta tuna bakin Hannatu, ta ji hawaye ya taho. Doka ko ba doka ba, ta rufe bakinta a ƙarshen baiti.

Tulu ya tsaya. Ɗakin ya yi tsit.

Sai wani ɗan sauti, kamar ana jan buhu a ƙasa.

Dakalin gaba ya matso. Ba ta ga lokacin da ya motsa ba, amma ɗazu taku biyar ne tsakaninsu, yanzu uku. Hanyar tsakiya da suka bi suka shigo ta tsuke, kafaɗar maza ta kusa taɓa ta mata. Iska ta yi nauyi. Wata daga cikin mawaƙan ta fara shaƙuwa.

"Ki ci gaba," Malam Ilyasu ya raɗa. "Don Allah ki ci gaba."

Ta jefa baiti. Amshi ya dawo. Hanyar tsakiya ta buɗe a hankali, har ta hango ƙofa, da geron da ke bayanta.

"Baba, mi na wanga?" Safiyatu ta ce ƙasa-ƙasa, hannunta na kan bakin tulu, yatsunta sun fashe.

"Ba gidan da anka gayyace mu ba ne," ya ce. "Laihina ne. Ku yi layin hita. Kar wadda ta dubi huskar kowa."

Suka yi yadda suka saba, taku biyu gaba, ɗan rausaya, ɗaya bayan ɗaya. Tsahara tana jefawa, ana amsawa, tana kallon bayansu suna wucewa ta tsakanin fararen kaya. Ta farko ta fita. Ta biyu. Safiyatu ce ta tara, da tulunta a ƙugu. Babu wanda ya tare su.

Saura ita da tsohon. Ya yi mata alama ta wuce gabansa. Ta ɗaga ƙafa tana waƙa, ta yi taku ɗaya.

Hanyar ta rufe.

Ta ja da baya, ta buɗe. Ta sake gwadawa, ta sake rufewa, wannan karon har gefen rigar wani ya taɓa ƙafarta. Sanyi ne da shi kamar randa.

Nan ta gane. Ba ruwansu da masu amshi, suna da nasu. Mai ba da waƙa suke so.

Maƙogwaronta ya bushe, tana jin ɗanɗanon jini. Tsakanin baiti da baiti, a ɗan lokacin da jama'a ke amsawa, ta ce, "Baba, ɗiyata."

Dattijon dakalin gaba ya fara ɗago kai.

A hankali yake ɗagowa, wuyansa yana ƙara kamar busasshen kara. Ta ga goshi. Ta ga inda ya kamata gira ta kasance.

Malam Ilyasu ya sha gabanta, ya kare ta da bayansa. A ƙungiyarsu idan mai ba da waƙa ya gaji, wani yakan dafa kafaɗarsa ya karɓi baitin daga bakinsa a numfashi ɗaya, ba tare da waƙar ta faɗi ba. Shi ya koya musu. Ta ji tafin hannunsa a kafaɗarta.

"A'a, Baba."

"In kin kai ƙohwa kar ki waiwayo."

Amshi ya ƙare. Ta buɗe baki, sai muryarsa ta riga tata, tsagaggiya, kamar ana jan ƙarfe a kan dutse.

"Ranar tana zuwa, fitilunmu na hannu."

Shiru. Ɗaya, biyu.

"Muna jira."

Sun karɓa.

Hanyar ta buɗe. Ta bi ta, idonta a ƙasa. Ƙafafunsu ta gani jere a gefen dakali, babu takalmi, babu ƙura ko kaɗan a jikinsu. Taku goma sha biyu ne zuwa ƙofa. A na goma wani abu ya shinshina rigarta inda nonon ya jiƙa.

Ta faɗa waje da gudu.

Gero ya yanka mata fuska. Ta faɗi, ta tashi, ta ci karo da mutum, ta kurma ihu. Tanimu ne, idanunsa jajur, bayansa mutanen ƙauye da sanduna, ga sauran mawaƙan zube a kan kunyar gero suna haki.

"Maman Hannatu, ina kunka shiga?" ya ce. "Yau hwa Talata."

Ta waiwaya. Tsamiya na nan. A ƙarƙashinta bango uku ne rusassu, babu rufi, ciyawa ta fito a kan dakalan ƙasa har gwiwa. Rana ta ƙarasa faɗuwa a kan idonta.

Ba ta tsaya jin bayani ba, ta ce a kai ta gida. A mota ne wani dattijon ƙauyen da ya raka su ya faɗi abin da ya sani. Tsohuwar majami'a ce, an bar ta shekara talatin da suka wuce da gulbi ya ci rabin garin, aka koma tudu aka gina sabuwa. Mutanen ɓoye da ke kan tsamiyar sun daɗe suna sauraron sujada, sun haddace amshi, amma ba su iya jefa baiti ba. Duk ɗan ƙauyen ya san ba a amsa kiran ƙarfen gefen gulbi. Da sun fara zuwa gidan fasto, da an gaya musu.

Ta tarar da Hannatu a cinyar Inna, ta bar kuka, idonta ya faɗa, maɗigarta ta loɓa. Kwana biyu ruwan sukari kawai ake ɗiga mata da cokali. Tsahara ta zube a ƙasa da zanin majami'a ta sa ta a nono. Yarinyar ta daɗe ba ta kama ba. Da ta kama, Inna ce ta fara fashewa da kuka.

Malam Ilyasu kuwa an yi sati ana nema. An sare ciyawar kangon, an bi gulbi har nesa, an yi addu'a a majami'a, Tanimu ma ya sa an yi a masallacinsu. Ba a ga ko takalminsa ba. Ƙungiyar ba ta sake fita zagaye ba.

Tsahara ta yi kwana arba'in ba ta rera komai ba. Wata rana da hantsi tana yi wa Hannatu wanka a tsakar gida, rana tar, masu baburan kabu-kabu na ta hon a titi, yarinyar ta hau kukan sabulu. Bakin uwar ya kuɓuce, ta jefa mata layi ɗaya na waƙar rarrashi.

Daga ƙarƙashin ƙasar tsakar gidan aka amsa, a hankali.

"Muna jira."

Ba amshin ne ya sa ta saki kwanon wanka ba. A cikin muryoyin nan masu santsi akwai wata tsagaggiya guda ɗaya, kuma ta san ta. Malam Ilyasu ya koma cikin masu amshi. Gaban majami'arsu babu mai ba da waƙa ke nan, wani suke jira.

Daga ranar ba ta ƙara waƙa ba, ko a sujada sai dai ta motsa leɓe. Hannatu yanzu shekararta huɗu, lafiyayya, ga surutu, kuma kowa a unguwa yana cewa muryar uwarta ta ɗauko. Maƙwabta suna gulmar Tsahara, wai muguwar uwa ce. Ba su san abin da ya sa ba, da zarar yarinyar ta fara rera wani abu tana wasa, uwar take jefar da abin da ke hannunta ta rugo ta toshe mata baki.