Guntun Asuwaki a Injin Alhaji Abukari

Ranar Asabar, bakwai ga Yunin 2014, fistin ya huje a injin Mustang ɗin Alhaji Abukari, tana hanyar zuwa baje kolin tsofaffin motoci. Aka janyo ta zuwa garejinsa na unguwar Morris Heights. Kafin azahar Alhaji ya yanke hukunci: laifin Suweiba ne, bakanikiyar da ta saita injin, ranar Litinin ta kwashe kayanta.

Aka kira Malam Mukhtari, tsohon bakanike, ya tabbatar. Shekara uku ke nan da ya ajiye sifana, tun rasuwar matarsa Zalia, kuma ba ya ƙaunar motar nan. Sau ɗaya aka ɗauki Zalia a cikinta zuwa wani biki, ta yi shekara biyar tana ba shi labarin ƙarar injin Alhaji.

Ya ɗaga bonet. Motar 1969 ce, an sa mata babbar kabureta, lissafin littafin kamfani bai yi mata aiki.

"Digiri nawa kika ba ta a saitin tashin wuta?" ya tambayi Suweiba.

"Talatin da huɗu, Baba, in ta kai ƙarshen gudu. Da fitilar tayimin na auna. Na ja layin farin fenti a gindin distirbuta, mai raba wa fulogi wuta."

Fentin na nan, amma layin sama ya goce wa na ƙasa da faɗin yatsa. An murɗa distirbuta gaba, wuta ta riƙa tashi da wuri har ta cinye fistin. Ya gwada notin. A ɗaure yake tam, ba gocewa ya yi da kansa ba.

"Mai son ɓoye laifinsa ba ya shafa fentin da zai tona shi," ya ce wa Alhaji. "Yaushe aka bar motar ita kaɗai?"

"Jiya, lokacin Juma'a. Ita Suweiba ta je sayen fulogi a unguwar Soundview, ga rasit. Makulli kuwa Moro da Kassim ke da shi."

Moro, mai fentin motoci, bai jira tambaya ba. "Sahu ɗaya muka yi da Alhaji. Ni distirbuta ma, in ka ce in nuna ta, batir zan nuna maka."

Saura Kassim, wanda ya yi shekara ashirin yana babban bakanike a garejin kafin a damƙa wa Suweiba motar. Yana zaune kan taya, ƙafa a miƙe, asuwaki a bakinsa.

"Ba ka je masallaci ba, Kassim."

"Gwiwa, Malam. A gida na yi. Ka tambayi yarinyar fitila. Mu da kunne muka koya a Kumasi, ba mu taɓa fasa inji ba."

Mukhtari ya sa hannu bayan kabureta, ya zaro siririn tiyon iskan da ya kamata ya shiga distirbuta. Yana reto, an toshe bakinsa da guntun itace.

"Suweiba, da me kike toshe wannan in za ki saita?"

"Da murfin roba."

"Mai ɓarna ba ya buƙatar cire tiyo, murɗawa kawai zai yi. Amma hannun da ya shekara arba'in yana cirewa ba ya neman izini. Kassim, ka toshe, ka ji an dawo daga masallaci, ka manta ka mayar." Ya ɗaga guntun. "Miƙo asuwakinka mu haɗa karayar."

Kassim bai miƙa ba. Ya dubi Alhaji. "Shekara ashirin. Ta zo da fitila wata shida, ka ce a gaban mutane ba a taɓa jin motar haka ba."

Alhaji ya karɓe makullin gareji daga hannun Kassim. Suweiba ta mayar da akwatin kayanta ƙarƙashin benci, ba wanda ya ba ta haƙuri.

Mukhtari ya taka zuwa tashar jirgin ƙasa, bai ji daɗin nasarar ba. Ya san ciwon da ke ran Kassim sarai. Shekarar bikin nan, Kassim na kwance asibiti, shi Mukhtari aka kira ya saita Mustang ɗin, da kunne, yini guda. Zalia ta dawo tana yabon Alhaji, shi kuma ya yi shiru yana jira ta tambayi wanda ya yi aikin. Ba ta tambaya ba, kuma bai taɓa ce mata, "Zalia, wannan ƙarar, hannuna ce."