Layin da Magini Bai Haɗa Ba

Sunana Misbahu, aikina zane a kwamfuta: katin biki, sitika, kalanda, allon shago, duk abin da aka kawo. Shagona wani ɗan lungu ne kusa da tasha a Ƙaura Namoda, daga ni sai fankar da ke juyawa in ta ga dama. Ina da wani hali da ya sha haɗa ni faɗa da mutane: ba na iya ganin layi a karkace ko a yanke in wuce. Ko allon wani na gani harafi ya zame, wuni nake yi abin yana cina.

A daminar bara Hajiya Murja mai atamfa ta kawo aikin katin bikin ɗiyarta. Na nuna mata furannin intanet iri goma, ta taɓe baki.

"Wanga kowa na da shi," ta ce. "Ni na gida nika so, irin na bangon kakanninmu."

Sai na tuna wani tsohon zaure da na taɓa hangowa a wata tunga kan hanyar Zurmi, wadda mutanenta suka tashi shekara uku da suka wuce saboda 'yan bindiga. Bayan la'asar na kira Halilu, ɗan acaɓan da na saba hawa.

"Kak ka daɗe, Malam," ya ce da muka isa, ko mashin bai kashe ba. "Rana na hwaɗuwa, tahiyata zan yi."

Zauren na da ƙofa biyu: ta gaba mai kallon hanya, da ta baya mai shiga kangon gida, daga can sai daji. Ciki warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da kashin jemage. Na kunna fitilar waya, na tsaya baki buɗe. Layi ɗaya ne tal aka tsaga a jikin yaɓe. Ya taso daga saman ƙofar baya, ya murɗe, ya yi ƙulli, ya zagaye bango huɗu bai tsinke ba, ya dawo inda ya fara. Sai dai bai haɗu ba. Saura tsawon yatsa ɗaya, maginin ya tsaya.

Haushi ya kama ni. Mutum ya yi aikin da ni da kwamfutata ba mu isa ba, sai ɗan wannan ya gagare shi? Na san minti ɗaya ya ishe ni in gyara a shago. Amma hannuna ya riga ya shiga aljihu. Ruwan sama ya tausasa bangon, na sa makullin shagona na ja layin, ya haɗu cif. Har murmushi na yi.

Sai ƙarar mashin ɗin Halilu ta ɗauke.

Ba kamar an kashe ba. Kamar an toshe min kunne.

Na juya in fita. Bango.

Na ce ruɗewa na yi, na juya ɗaya gefen. Bango. Na haska ko'ina, babu komai sai layin nan yana murɗewa. Na ɗora tafin hannu ina bi, ina ƙirga kusurwa. Huɗu. Biyar. Shida. Tara.

"Halilu!"

Muryata ko leɓena ba ta wuce ba.

Fitilar waya ta yi ja, ta mutu. A cikin duhun na fara jin ɗumi, irin na motar kasuwa in an cika ta da mutane. Kafaɗa ta gogi tawa. Wata ta tokare min baya. Numfashi ta ko'ina, mai warin toka, kuma ba nawa ba ne.

Kusa da kunnena, a hankali, muryar tsohuwa: "Wa ya ruhe muna?"

Na buɗe baki in yi a'uziyya, harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. A zuci na ƙarasa ta.

"Lokacin hita ya yi," in ji wata murya daga ƙasa, wajen gwiwata. "Buɗe."

Suna ƙaruwa. Ƙirjina ya manne da bango, haƙarƙarina na ƙara. Nan na gane abin da na yi, na kuma ji tsoron da ban taɓa ji ba: in mutu a tsaye, saboda layi.

Na laluba ina neman inda na haɗa. Ko'ina sumul. Aikina ya yi kyau har ni kaina na kasa gane shi.

"Buɗe."

Iska ta ƙare.

Na kafa farce a inda hannuna yake, ban zaɓa ba. Na yaƙushi yaɓen, na murje layin da babban yatsa, na sake murjewa har farcen ya ɓalle.

Wani abu ya bi ta kaina da gudu, mai yawa, ya yi jifa da ni. Na faɗi a kan ciyawa, sararin sama ja a bisa kaina, mashin na ta ƙara.

Halilu ya ɗago ni. "Malam, mi ya same ka? Ina kallonka kana zagaye ɗaki kana shahwar bango. Ƙohwa ga ta buɗe, ka wuce ta ya hi sau goma! Kira nike, ko waiwaye."

Kwana huɗu na yi da zazzaɓi. Hotunan zanen da na ɗauka na goge su duka, Hajiya Murja ta haƙura da furanninta. Har yau ba na iya zama a ɗaki ƙofa a rufe.

Da na warke na nemi mutanen tungar, waɗanda yanzu ke zaune a gefen garin Ƙaura. Aka nuna min Baba Wakili, wanda mahaifinsa ya gina zauren. Na durƙusa na faɗa masa komai, ina jiran faɗa.

"Tsohona da gangan ya bar layin a buɗe, nan ne mahitar aljanu," ya ce. "Ya iske masu wuri tun kahin ya sa tubali. Sunka yi alkawari: su wuni ciki, magariba su hita ta baya, su yi daji. Ba su taɓa kowa ba." Ya dubi yatsana da ke ɗaure. "Ka dai buɗe musu?"

"Na buɗe, Baba."

"To, alhamdu lillahi. Ta wane gehe?"

Na tuna inda na faɗo.

"Ta gaba. Wajen hanyar Ƙaura."

Baba Wakili ya miƙe zumbur. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya naɗe tabarmarsa da sauri, ya leƙa cikin gida ya ce kowa ya shiga ɗaki.