Hannun Hagun Malam Kabo

"Ba za ka sayo wannan 'yar firit ɗin ba, Sagiru."

"To wacce zan sayo? Waccan mai kama da dutsen niƙa?"

Juwairiyya ta janye wayar daga gabansa ta ƙura wa hotunan ido. A soron gidansu suke a Gaya, bayan la'asar, kowa da gefensa na tabarma. Kyamarori uku ne wani mai shago a Kano ya turo wa Sagiru, kuma tun da suka zauna babu wanda ya yi wa ɗan'uwansa maganar soyayya.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Mahaifinta, Malam Kabo mai hoto, ya yi zamanin da ba a biki daga Gaya zuwa Kademi sai da shi. Yana da al'ada guda: duk 'yar da zai aurar, ranar da za a kai ta shi yake tsayar da ita a bakin soro ya ɗauke ta da hannunsa. Hotunan yayyenta suna jere a bangon ɗakinsa, an bar gurbin auta. Sai bara hawan jini ya kayar da shi, hannun hagu ya yi sanyi, tsohuwar kyamararsa kuma ta mutu. Abin da ya rage masa idanun kyamara ne guda uku, waɗanda ake ɗaurawa a gabanta a cire, yana ajiyarsu naɗe cikin tsohon rawani.

Magabatan Sagiru sun yi sawu daga Ajingi neman sa rana har sun gaji. Amsar Malam ɗaya ce: "Autata ba ta fita gidan nan babu hoto, kuma baƙon hannu ba ya ɗaukar mini ita."

"Duba nan," in ji Juwairiyya. "Wannan babbar ta hannu ce, amma kamfaninsu ɗaya da ta Baba. Idanunsa za su hau ta kamar don ita aka yi su. Ga sauƙin kuɗi."

"Ga nauyi kuma, sahibata. Mai shagon ya ce idan aka ɗaura mata ido ta kusa kwanon gero. Baba da hannu ɗaya zai ɗaga kwanon gero har ya saita ki?"

Maganar ta shige ta.

"To ga ta ukun," ya ce yana danne dariya. "Ta fi duka araha, a aljihu ma ake sa ta."

"Araha ba ta ado. Idonta manne yake, ba ya cirewa. Ka kai wa Baba wannan, da sanda zai raka ka tasha."

"Shi ya sa na ce ta tsakiyar. Ba ta fi ƙwaryar fura nauyi ba. Tsada kam akwai, sai gyaɗata ta bana ta tafi kusan duka, amma..."

"Amma bakinta daban ne! Sau nawa zan faɗa maka? Ido ba ya hawa kowace kyamara."

"Ido ai ido ne, Juwai."

"Haka gyaɗa ma gyaɗa ce, amma ba ka shuka soyayyiya."

Ya yi dariya har da buga cinya. Sannan ya sassauta murya. "Ɗan ɗauko mini guda in gani mana, 'yar autar Baba."

Ta shiga ta lallaɓo ƙaramin cikinsu, ta koma kawo masa ruwa. Ba ta ga sanda ya zaro tsinken tsintsiya ya gitta a gindin idon ya karya daidai faɗinsa ba, kamar yadda uwarsa ke auna ƙafarsu idan za a sayo takalmin salla. Ya soke tsinken a hularsa yana murmushin wanda ya gama dabara.

Ranar da ya dawo daga Kano, tun daga bakin layi ta jiyo muryarsa yana gaisawa da mutane. Ta yafa mayafi ta laɓe a bayan ƙofar soro, domin 'yar kirki ba ta zama inda uba da mai nemanta suke.

Sagiru ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa.

"Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ga ɗan abin da ya samu."

Malam Kabo ya karɓa da dama. Ya ɗaga ta sama, ya sauke, ya sake ɗagawa. Juwairiyya ta ga abin da rabonta da gani tun bara: fuskar Baba ta washe.

"Kai, wannan ai kamar ɗan tsako," ya ce. "Auta, kawo rawanin nan."

Ta kawo da rawar jiki, ta durƙusa ta cire idon da kyamarar ta zo da shi, ta miƙa masa nasa. Ya matse kyamarar tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗora, ya murɗa. Bai kama ba. Ya juya, ya sake murɗawa. Ya gwada na biyu, ya gwada na uku. Babu wanda ya kama.

"Amma... na auna fa," in ji Sagiru, ya zaro tsinken daga hula. "Faɗinsu ɗaya, Baba."

Malam ya dubi tsinken, ya dubi mai tsinken.

"Yaro, takalmi ka je saye? Rashin sani ya fi dare duhu. Kowace kyamara da haƙoran bakinta, faɗi ba ya haɗa su." Ya tura ta gabansa a hankali. "Ɗauki kayanka. Na gode."

Sagiru ya ce, "Baba, ai da nata idon ta zo. Ko da shi..."

"Da idona na ga yayyenta. Da shi zan gan ta, ko kuwa a bari."

Ya dogara sanda ya shige gida.

Sagiru ya fita ko ruwa bai sha ba. Ta kira shi a waya, da ƙyar ya ɗauka.

"Na kunyata ki, Juwai. Na sayar da gyaɗa na sayo wa kaina abin dariya. Mai shagon kuma ya ce abin da aka buɗe ba ya komawa."

"Ka ji Baba da kunnenka ya ce kamar ɗan tsako?"

"Na ji."

"To rabin aikin ka yi, masoyi. Bar mini rabin."

Mai nema yana tare da samu. Akwai zauren masu hoto na WhatsApp da ta shiga tun tana ɗaukar wa Baba jaka zuwa gidajen biki. Ta ɗauki hoton gindin idon da bakin kyamarar ta tura. Kafin ta gama wanke-wanke amsoshi sun taru: akwai wani zoben ƙarfe da ake sawa a tsakani, gefe guda ya kama tsohon ido, gefe guda ya kama sabuwar kyamara. Sai dai idon ba zai saita kansa ba, da hannu za a murɗa shi.

Ta yi tsalle a tsakar gida har kwano ya kife.

"Sagiru! Akwai zobe! Ka bi motar farko ta Kano gobe. Kuma don Allah ka bar tsinke a gida, sunan idon zan turo maka."

Wannan karon Malam Kabo bai so fitowa ba. Sai da ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa.

"Baba, kai ka koya mini sai an gwada akan san na ƙwarai."

"Da maganata za ki ɗaure ni, ja'ira?"

Ya fito. Sagiru ya miƙa zoben kansa a ƙasa. Malam ya ɗora shi, ya kawo ƙaramin idon, ya murɗa.

Ƙas.

Juwairiyya ta toshe baki da mayafi.

"Tsaya can bakin ƙofa," in ji Malam. "Inda hasken yake."

Ta tsaya. Ya ɗaga kyamarar da dama, ta tashi ba wuya. Ya leƙa.

"Dishi-dishi nake ganinki."

Ya yunƙura zai kai hagu ya murɗa idon. Hannun ya taso kaɗan, ya yi karkarwa, ya koma kan cinya. Ya sake gwadawa, gumi ya karyo masa. Juwairiyya ta ji ƙwalla ta cika mata ido. Ta san mahaifinta: idan ya ajiye kyamarar nan yau, ya ajiye ke nan har abada.

Surukin arziki ba ya matsawa kusa da uban mace, ko inuwarsa kaucewa yake. Amma Sagiru ya ja gwiwa ya matso, har kafaɗarsa ta kusa taɓa ta Malam. Ya sa yatsu biyu a kan idon, ya kawar da fuskarsa gefe don kunya.

"Baba, ku ce mini dama ko hagu."

Malam ya sake ɗaga kyamarar ya leƙa.

"Dama," ya ce daga ƙarshe. "Sannu, ba tuƙa tuwo kake ba. Ƙara... ka wuce, dawo kaɗan. Tsaya nan." Ya ƙura ido. "Ga ta. Ga autata, har da hawayen."

Ya danna.

Suka haɗa kai su uku a kan ɗan allon bayan kyamarar. Ga ta tsaye a bakin soro, hasken yamma a gefen fuskarta, tana kuka tana dariya, sak yadda yayyenta suke a bango.

Malam ya goge ido da hannun riga, ya maido da fuskar nan tasa ta kullum.

"Wannan gwaji ne. Babu lalle, babu kwalliya, ba ya hawa bangona." Ya juya ga Sagiru. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka gaya wa manyanka su zo da goro ranar Juma'a."

"Baba... Allah ya ƙara girma, Allah ya..."

"Ban gama ba. Ranar ɗaurin aure abokanka za su neme ka su rasa, don nan za ka durƙusa, a haguna. Kuma ba ni tsinken nan."

Sagiru ya laluba hula ya miƙa, yana ƙifta ido. Malam Kabo ya naɗe tsinken cikin rawani tare da sauran idanun.

"Jikokina za su so ganin awon ubansu."

Juwairiyya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ruga cikin gida da gudu, tana kiran Inna tun daga soro.