Fitilar Mota a Kan Tsohon Babur

A cikin garin Daura akwai wani yaro ɗan aji shida mai hannun gyara. Shi ke gyara tocilan ɗin Innarsa. Shi ke haɗa wa ƙannensa motar gwangwani. Kowa a unguwa yana yabonsa, shi ma kuma ya san da haka.

Mahaifinsa, Malam Dabo, burodi yake kaiwa. Da an idar da sallar asuba sai ya ɗaure akwati a bayan babur, ya kama hanyar Zango, inda masu shayi ke jiransa. Babur ɗin nan ya girmi yaron. Fitilarsa ta yi rauni, ja-ja kawai take yi.

Wata rana Malam Dabo ya dawo da ƙujewa a gwiwa. Rami ya faɗa, bai gan shi ba. Inna ta dafa ruwa tana gasa masa. Yaron yana tsaye yana kallo.

Ran Juma'a da yamma ya tafi gidan kawunsa Audi. Akwai wata matacciyar motar haya a can, kaji na kwana a ciki. Ya roƙi fitilunta biyu, kawu ya ba shi. Ya ɗaure su a gaban babur, ya haɗa waya da batir. Da magariba ya kunna. Tsakar gida ta yi fes, har ana ganin tururuwa a jikin bango.

"Ikon Allah," in ji Malam Dabo. "Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Ka kai wa Hilary ya duba?"

Hilary shi ne mai sayar da kayan babur a bakin kasuwa. Ya daɗe da sanin wannan babur. Yaron bai je wurinsa ba. Amma yabon ya yi masa daɗi, ba ya so ya ragu.

"Ya gani, Baba. Ya ce babu komai."

Washegari Asabar, babu makaranta. Yaron ya hau baya ya riƙe akwati. Da suka fita gari, hanya ta yi haske tar. Yana ta addu'a wani ya gan su.

Ba su yi nisa ba hasken ya fara ja. Baba ya danna hon, ya yi wani kuka kamar na ɗan tsako. Sai ƙaurin roba ya taso. Fitilu duka suka mutu, har da ta asali.

Malam Dabo ya gangara gefen hanya. Ba ya tuƙi a duhu da ɗansa a baya. Suka zauna ƙarƙashin wani gawo sai da gari ya waye.

Ko da suka isa Zango, masu zuwa gona sun riga sun sha shayi sun tafi. Ɗantsoho mai shayi ya haɗe rai.

"Haba Malam Dabo, yau ruwan zafi zalla na ba mutane. Akwai wani yaro daga Mai'aduwa da ke roƙona in riƙa karɓar burodinsa. In gobe aka sake, sai dai ka yi haƙuri."

"Laifina ne," in ji Malam Dabo. "Ba za a sake ba, in Allah ya so."

Bai ko kalli ɗansa ba. Wannan ya fi bulala zafi a wurin yaron. A hanyar komawa ya matso kusa da kunnen mahaifinsa.

"Baba, ƙarya na yi. Ban je wurin Oga Hilary ba."

Baba ya rage gudu. Sannan ya ce, "To, yanzu za mu je. Kai za ka faɗa masa da bakinka."

Hilary ya ji labari, ya zagaya babur yana dariya.

"Injiniya, tirela kake so ka mayar da tsohon nan? Zo in tambaye ka. Tukunyar tuwon gidanku mutum nawa take ci da su?"

"Mu bakwai, Oga."

"In ka kwaso ƙarti goma ba ka gaya wa Inna ba fa?"

"Ba wanda zai ƙoshi."

"Haka injin nan yake. Wutar da yake bayarwa kaɗan ce. Fitilar gaba ta ci, ta baya ta ci, hon ya ci, batir ya ci. Da wat ake auna ƙarfin wuta, ragowar kuwa ba ta wuce wat ashirin ba. Karanta bayan fitilarka."

Yaron ya goge datti da babban yatsa. "Wat hamsin da biyar."

"Guda biyu kuma?"

"Ɗari da goma," ya faɗa a hankali.

Hilary ya zube ƙananan fitilu a kan tebur. "Zaɓi da kanka."

Yaron ya kai hannu ga mafi girma, sai ya tsaya. Ya juya kowacce ya karanta lambarta. Ya ɗauki wata 'yar ƙarama mai farin haske, mai wat goma.

"Wannan ba za ta cinye na kowa ba."

"Malam Dabo, yaron nan yana da kai," in ji Hilary.

Suka canza wayar da ta ƙone, suka yi cajin batir. Hilary ya nuna masa yadda ake sa fis, ɗan abin da ke yankewa kafin waya ta yi zafi. Yaron ne ya ɗaure kowace ƙusa. Suka bar injin yana aiki rabin awa, haske bai ragu ba.

Ran Lahadi suka isa Zango tun ruwan Ɗantsoho bai tafasa ba. Ya karɓi burodi yana murmushi, ya leƙa gaban babur.

"Wane makanike ne ya sa maka wannan?"

Malam Dabo ya dafa kafaɗar ɗansa. "Ga shi nan. Na gida ne."

Yaron ya ji kamar ya ƙara tsawo. Tun daga ranar ya gane cewa iya gyara ba ya hana tambayar wanda ya fi ka sani, kuma yabon da aka samu da gaskiya shi ne mai daɗi.